Raket irin na Ma Long da kuɗin da 'yan Arewa suka tara



Makon jiya ina zaune ƙofar gida bayan la'asar, ɗan ƙanwata ya zo ya tsuguna ya gaishe ni, ya miƙo mini waya. Hoton raket ne na ƙwallon tebur, wasan da mu nan Dogon Dutsi muka fi sani da pinpon. Ya ce, "Kawu, wanga shi na irin wanda Ma Long ka bugawa da shi. In munka samu guda biyu, wallahi babu mai taɓa mu har Doso." Na ce masa nawa ne? Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, sannan ya nuna mini kuɗin a ƙasan hoton. Na kalli kuɗin, na kalli yaron, na ce ya je zan neme shi.

Abin da ya kawo maganar shi ne, wasu 'yan garinmu mazauna Yamai da Kwatano da Legas sun yi karo-karo, suka ce a saya wa matasan unguwa kayan pinpon, tun da an ga sun ƙwallafa rai a kansa. Allah ya saka musu da alheri, don ba kowa ke tuna gida ba. Suka ce yaran su rubuto abin da suke buƙata. Yaran nan kuwa ba su taɓa ganin babbar gasa da idonsu ba, a waya suke kallo, a YouTube da TikTok, sai suka rubuto abin da suka gani a hannun zakaru. Da aka yi lissafi, raket biyu sun cinye kusan duk abin da aka tara. Tebur babu, ƙwallo babu, ɗakin wasa babu. Yanzu an rabu biyu, wasu na cewa a ba yara abin da suka roƙa, wasu na cewa a tsaya tukuna. Ni ina cikin masu cewa a tsaya. Kuma tun da na san ba unguwarmu kaɗai ke da irin wagga gardama ba, daga Matankari har Tibiri da Gesheme, gara in faɗi dalilina a fili.

Na buga wasan nan shekaru da dama tun ina lise, ban zama kowa ba a cikinsa, amma na san abin da raket ke yi a hannu. Bari in fara da abin da ke cikin na ƙwararru, don da yawa suna ɗauka katako ne kawai aka manna wa roba.

Ƙwararre ba ya sayen raket a haɗe. Katakon daban yake saye, robar gaba daban, robar baya daban, shi da kansa yake shafa gam ya manna ya yanke gefe da almakashi. Katakon nan falle-falle ne sirara, biyar ko bakwai, aka haɗa aka matse, kaurinsa duka bai fi milimita 6 ko 7 ba, nauyinsa wajen giram 85 zuwa 90. Dokar hukumar wasan ta duniya, ITTF, ta ce aƙalla kashi 85 cikin 100 na kaurin ya zama itace na gaske. A cikin ragowar ne kamfanoni ke saka wani siririn falle na zaren kabon, wanda ke sa ƙwallo ta tashi da gudu ko da ba a buge ta daidai tsakiya ba. Viscaria na kamfanin Butterfly na Japan, wanda Zhang Jike ya yi suna da shi, irin wannan ne. Na Ma Long kuwa na kamfanin DHS ne na Shanghai, ana ce masa Hurricane Long 5, a gabansa roba mai danƙo da ake kira Hurricane 3.

Robar ita ce asirin. Hawa biyu ce: soso a ƙasa, fatar roba a sama, su biyun har da gam ba za su wuce wajen milimita 4 ba. Da ƙwallo ta faɗa sai ta nutse cikin soson, fatar ta riƙe ta, ta sake ta tana juyawa kamar katantanwa. A hannun manyan 'yan wasa ƙwallo na iya juyawa fiye da sau 100 a sakan guda. Shi ya sa za ka ga mutum ya tare ƙwallo da kyau a ganinka, sai ta yi sama ko ta nutse cikin raga, ka rasa mi ya faru.

Da can ba haka wasan yake ba. Sai a 1952, a gasar duniya ta Bombay, wani ɗan Japan, Hiroji Satoh, ya zo da raket mai soso mai kauri wanda ko ƙara ba ya yi, ya cinye kowa ya ɗauki kofi. Aka yi ta rikici a kan soson har 1959 da aka tsaida ƙa'idar kauri. Daga baya 'yan wasa suka gano wata dabara, su sa roba iri biyu masu launi ɗaya, ɗaya mai juya ƙwallo ɗaya mai kashe juyi, su riƙa juya raket a ƙarƙashin tebur don abokin karawa ya ruɗe. Shi ne tun 1986 aka ce dole gefe ɗaya ja ɗaya baƙi, sai a 2021 aka yarda a maye jan da shuɗi ko kore ko wani launi mai haske, amma baƙin na nan daram.

Akwai wani labari da ya shafe mu kai tsaye. A shekarun 1970 aka gano cewa in aka manna roba da gam ɗin facin taya, wato sholishon nan da ke wurin kowane mai facin keke, tururinsa na shiga soson ya kumbura shi, ƙwallo ta ƙara gudu da juyi. Ana danganta gano abin ga Tibor Klampar na ƙasar Hangari. Kusan shekara 30 manyan 'yan wasa na shafa irin wannan gam kafin kowane wasa, har aka haramta shi a 2008 bayan wasannin Olamfik na Beijing, saboda illar tururin ga lafiya. Yanzu gam mai ruwa-ruwa, fari kamar madara, shi aka yarda da shi. Na kawo wannan ne don na riga na ji wasu yara suna cewa sun gani a intanet sholisho na tada tsohuwar roba. Mu nan mun san abin da sholisho ya yi wa 'ya'yan mutane a tasha. Dan Allah kada wanda ya shigo mana da shi ta ƙofar wasa.

To, mu zo ga kuɗi. Katako irin Viscaria da roba biyu irin Dignics ko Tenergy na Butterfly, a shagunan Turai sun haura Yuro 300. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ka ga kusan jika 200 ke nan, ban da kuɗin kawowa da na duwan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne. Wato raket guda ya kusa albashin wata biyar. Kuma da ace saye ɗaya ne a huta, da sauƙi. Katakon yana shekaru, amma roba mutuwa take yi. Ƙwararru na canza ta bayan 'yan makonni, wasu ma kafin kowace babbar gasa, kuma ba daga aljihunsu ba, kamfanin da suke wa talla ke ba su. Yaron da aka saya wa irin wannan roba yau, bayan wata uku ko huɗu in ta yi santsi, wa zai sake fidda jika 100 ya saya masa wata? Za a sake karo-karo?

Wani abin dariya kuma, wanda ake sayarwa a kasuwa da sunan Ma Long ba shi ne ainihin wanda ke hannunsa ba. Hurricane 3 kanta daraja-daraja ce, akwai ta kasuwa, akwai ta 'yan wasan larduna, akwai wadda ake ware wa tawagar ƙasar Sin. Ban da jabu da suka cika intanet, an buga musu tambari tsaf. Wanda ke Dogon Dutsi ya aika kuɗi ga wanda bai sani ba, yaya zai bambance?

Amma a ajiye maganar kuɗi. Ko da wani attajiri ya ce ya ɗauki nauyi, ni dai zan ce kada a ba mai koyo irin wannan raket, domin cutarsa zai yi. An ƙera shi ne don hannun da ya shekara 15 ko 20 yana bugu sa'o'i da yawa kowace rana. Ma Long tun yana ɗan shekara 5 ya fara. Katako mai kabon ba ya barin ƙwallo ta daɗe a jikinsa, da ta taɓa ta tashi. Robar kuma kamar yadda take ba da juyi haka take karɓarsa, duk juyin da abokin karawa ya sa sai ta kama shi. Mai koyo zai ga ƙwallonsa na wuce tebur, sai ya fara tsoro, ya rage hannu, ya riƙa tura ƙwallo da ɗan yatsa maimakon ya buga da kafaɗa da ƙugu. Wannan tsoron in ya zauna a hannu, fidda shi ya fi koyar da sabon yaro wuya. Kamar ka ɗauki yaron da ko jaki bai gama iyawa ba, ka ɗora shi bisa ingarman sukuwa ranar sallah. Na gani da idona a Yamai, wani saurayi ya zo da raket mai tsada a cikin jaka mai zif, kowa na leƙe, wani dattijo da tsohon raket da gefensa duk ya ɓaɓɓalle ya ba shi 11 da 3, ya sake ba shi 11 da 4, ya tafi salla.

Sannan ga ƙasarmu. Waɗannan robobi an yi su ne don ɗaki mai sanyi, mai tsabta, da ake gogewa. Mu kuwa watan Afrilu da Mayu zafi na haura 40, kuma na san yaranmu, a ƙarƙashin sirdin babur za a cusa raket a bar shi a rana. Zafi na busar da roba ya tsattsage ta, ya saki gam. Da hunturu ya shigo kuma ƙura ce, roba mai danƙo na kwashe ta kamar yadda tuwo ke kwashe yashi in ya faɗi. Sai an riƙa goge ta da ɗan ruwa bayan kowane wasa, a rufe ta da leda, a ajiye a inuwa. Raket biyu tsakanin yara 30, kowa na ja, wa zai yi wannan hidima?

Yanzu kada wani ya ce na ce kaya ba su da amfani. A'a. A nan ma nake da saɓani da wasu dattawan da ke ɓangarena, masu cewa ai mu da falanki muka buga, a yanko musu falanki kawai. Malam, da falanki muka buga, shi ya sa ba mu je ko'ina ba. Ƙwallon ƙafa kana iya koyo da tsumma ka zama gwani. Pinpon ba haka yake ba, don rabinsa juyi ne, kuma ba a koyon juyi da abin da ba ya riƙe ƙwallo. Rakunan nan masu arha da ake sayarwa biyu a leda da ƙwallo uku, robarsu santsi gare ta kamar tangaran. Yaro zai shekara biyar da su yana jin shi zakara ne a unguwa, ranar da ya haɗu da mai roba ta gaske ko sabis ɗaya ba zai maido ba. Na sha wannan kunyar da kaina, ban manta ba.

Su kansu manyan, kayansu na da nauyi a wurinsu. A wasannin Olamfik na Paris a 2024, Wang Chuqin na ƙasar Sin, wanda shi ne na ɗaya a duniya a lokacin, yana murnar zinaren da ya ci tare da Sun Yingsha, masu ɗaukar hoto suka yi rububi, aka taka raket ɗinsa ya lalace. Washegari ya fito da na ajiya, Truls Moregard na Suwidin ya fidda shi da ci 4 da 2. Shi Wang ya ce ba raket ne ya kada shi ba, kurakuransa ne. Na yarda da shi rabi. Mutumin da ya saba da abu har ya zama kamar yatsansa, in aka canza masa dare ɗaya, ko zuciyarsa ce sai ta yi rawa. Amma ku lura da abin da labarin ke nunawa: sabo ne ke aiki. Na ajiyar ma iri ɗaya ne da wanda ya lalace, tsadarsu ɗaya.

Tsakanin falanki da jika 200 akwai fili mai faɗi, kuma a nan ne maslaharmu take. Katako zalla mai falle biyar, babu kabon, da roba mai sauƙin kuɗi ta kamfanonin Sin irin su Friendship 729 ko Yinhe ko Palio ko DHS ɗin kanta. Irin waɗannan, in an haɗa, ba su wuce jika 25 zuwa 30 kafin kuɗin kawowa, kuma da irinsu yaran ƙasar Sin ke fara koyo. Robobin Sin ɗin nan ma sun fi jure wahala. Abin dubawa guda ne: a gindin robar, kusa da mariƙi, a ga tambarin ITTF da sunan kamfani, don hukumar na da jerin robobin da ta yarda da su, wadda ba ta ciki alƙalin wasa na iya hana a shiga gasa da ita. Kuɗin raket ɗaya na ƙwararru zai kawo irin waɗannan shida ko bakwai. Kuma a samu ɗan gari wanda ya san wasan ya je shago da ƙafarsa, a Legas ko a Faransa, ya taɓa da hannunsa.

Bari in ɗan kauce, don abin ya daɗe yana ba ni mamaki. Itacen da ake waɗannan katakai masu tsada da shi, mafi yawansa namu ne na Afirka. Limba, wanda masu katako a Najeriya ke kira afara. Ayus, wanda suke kira obeche, 'yan Kodebuwa kuma samba, farin katakon nan mara nauyi da kafintocinmu ke yin benci da silin da shi. Da koto. Daga dazukan Kamaru da Gana da Kodebuwa da kudancin Najeriya ake kwasarsu, a kai Japan da Sin da Suwidin da Jamus, a yanka falle-falle, a manna, a buga suna, a dawo mana da su da kuɗin buhunan hatsi. Hurricane Long 5 ɗin da ɗan ƙanwata ke mafarki, limba ne a waje, ayus a ciki. Kuma doka ba ta ce sai kamfani ya yi katakon raket ba. Ta ce ko wane girma, ko wace siffa, ko wane nauyi, in dai shimfiɗaɗɗe ne mai ƙarfi, shi ya sa Moregard ke bugawa da wani mai kusurwoyi na kamfanin Stiga ba a hana shi ba. Ban ce kafintan bakin kasuwa zai yi wanda ya kai na Butterfly ba, aikin na son injin yanka da na matsewa. Amma na koyo, ina ganin in an ba wani mai basira samfuri ya duba, zai iya gwadawa, mu manna roba ta gaske a kai.

Babbar buƙatarmu dai tebur ce, kuma a nan dokar ta yi mana adalci. Tsawo mita 2.74, faɗi mita 1.525, tsayi daga ƙasa santimita 76, raga santimita 15.25. Game da abin da za a yi saman da shi, cewa aka yi ko mi ne ne, muddin in ka saki ƙwallo daga santimita 30 za ta yi tsalle wajen santimita 23, kuma daidai wa daida a ko'ina bisa teburin. Launi mai duhu wanda ba ya ƙyalli, da farin layi na santimita 2 a gefe. Ke nan duk mai mita a aljihu yana iya gwada tebur. Na manyan gasa katako ne matsattse mai kaurin milimita 25, yana da kyau ƙwarai, amma damina ɗaya in ruwa ya taɓa shi ya kumbura, in ya tsira daga ruwa gara na jiransa. Na siminti fa? Ƙasar Sin da ta mallake wasan nan, filayen makarantunta cike suke da teburan siminti, wasu ma bulo aka jera a tsakiya a madadin raga. Maginanmu da ke zuba dakali da rodi, in aka tsaya a kansu da awo aka ce saman ya yi sumul, babu abin da zai gagare su. Tebur irin wannan ba a sace shi, ba a ara a kai gidan biki a ɗora tukwane, akuya ta hau ta sauka ba abin da ya same shi.

Illarsa guda, iska. Ƙwallon giram 2.7 ce kacal, faɗinta milimita 40, a Najeriya har ƙwai suke ce mata. Iskar hunturu in ta taso daga dutse, sai ka buga gabas ta tafi kudu. Saboda haka a zaɓi wuri mai kariya, bayan aji ko cikin zagayen gidan matasa, a yi rumfa. In kuma an samu tsohuwar mangaza ko aji da ba a amfani da shi, nan ne za a sa na katako guda ɗaya don masu shirin gasa. Ƙwallo kuma a saye ta da kwali, ba uku-uku ba. Tun 2014 aka bar tsohuwar ƙwallo mai saurin kama wuta aka koma ta roba, za ku ga an rubuta 40+ a jikinta. Masu tauraro uku na gasa ne, na horo sun fi arha nesa ba kusa ba. Mai horarwa na gaske da kwano cike da ƙwallo yake tsayawa, yana jefa wa yaro ɗaya bayan ɗaya, 100 ko 200 ba tsayawa, haka Sinawa ke gina hannu. Da ƙwallo uku kuwa rabin yini a bin ta ƙarƙashin benci zai ƙare.

Wani abokina a fada, muna shan shayi, ya ce mini, "Kai dai kullum haka kake. Mi ya sa mu ne kullum za a ce mu yi haƙuri da na baya? Yaranmu ba su cancanci mai kyau ba?" Maganarsa ta taɓa ni, don na san inda ta fito. Mun gaji da a kawo mana ragowar wasu. Amma na ce masa ya dubi maƙwabta. Aruna Quadri, haifaffen garin Oyo, shekararsa ɗaya da Ma Long, 1988 aka haife su duka. A teburan bakin titi ya fara. A 2016 a Rio ya kada Timo Boll na Jamus, mutumin da kamfanin Butterfly ke buga sunansa a jikin katakai masu tsada, ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a Olamfik, inda Ma Long ya tsaida shi. A 2022 ya shiga cikin goma na farko a duniya. Yau shi ma akwai katako mai sunansa. Kamfani ne ya biyo shi bayan ya iya. Kafin shi akwai Segun Toriola da Funke Oshonaike, kowanensu ya je Olamfik sau 7. Abin da kudancin Najeriya ke da shi wanda ba mu da shi, tebur ne a kowace unguwa da gasa wadda ba ta yankewa, kamar kofin Asoju Oba na Legas da aka fara tun 1968. Cikin yara dubu masu bugawa ake samun guda.

Mu ma mun san wannan a kokowa. Issaka Issaka da ya sha ɗauko wa jihar Doso takobi, ba wani kaya aka sayo masa daga waje ba, fili ne a kowane ƙauye da kokowar bayan girbi suka fidda shi. Bambancin kawai shi ne pinpon na son ɗan kayan aiki, kuma kayan nan ba su fi ƙarfinmu ba in an bi su daki-daki. Nijar na da tarayyar wasan ƙwallon tebur, an ma buga shi a Yamai a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci na 2005. Abin da zai fi raket biyu amfani shi ne a nemi tarayyar ta turo mai horarwa ko na mako guda, ko a ɗauki nauyin malamin wasanni ɗaya daga lise ya je ya koyo. Riƙon raket kawai, in an koya shi a karkace, ya isa ya tsaida yaro har abada.

Kuma dan Allah in za a yi, a tuna da 'yan mata. Wasa ne da ba a cakuɗuwa, ba a taɓa juna, ana yin sa cikin gida da sutura cikakka. Hana Goda ta Masar tana da shekara 14 ta ci kofin Afirka na manya a Legas a 2022. Tebur ɗaya a cikin zagayen makaranta, da ranakun da aka ware musu, ba zai ci komi ba. Iyaye kuma da ke tsoron kada wurin ya zama matattarar caca da zaman banza, tsoronsu na da tushe, mun ga yadda wasu wuraren wasa suka koma. Maganinsa a sa teburin inda babba ke gani, a damƙa kayan ga mutum ɗaya sananne da littafi, wanda ya ɗauka ya rubuta sunansa, a rufe in an kira magariba.

Ranar da yaro daga Kore Mairuwa ko Dankasari ko Dumega ya cinye na Dutsi, ya je Doso ya cinye, aka kira shi Yamai, ranar ni zan fara sa hannu a aljihu a saya masa katako mai kabon da robar da ya zaɓa da kansa, don a lokacin ya san abin da hannunsa ke so.

Jiya na kira ɗan ƙanwar tawa. Na fiddo tsohon raket ɗina daga akwati, robar ta mutu tuntuni amma katakon lafiya lau, falle biyar. Na ce masa in an kawo roba zan nuna masa yadda ake mannawa. Ya juya shi, ya juya shi, fuska ba walwala. Ya ce, "Kawu, to ko sunan wani babu a jikinai." Na ce babu. Na ba shi mita, na ce shi da abokansa su je su auno mini filin da ke bayan ajinsu, in ya kai mita 9 a tsawo da 5 a faɗi su zo mu tafi wurin magini ranar Asabar.